Babi na Biyar: Wace Ƙaramar Bindiga Ce Ta Fi?

Duk inda hirar bindiga ta taso, ko a majalisar masu kallon fina-finan Amurka ko a bakin waɗanda suka bi gasar harbi ta Olamfik a talabijin, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: a cikin ƙananan bindigogin nan na hannu, wacce ta fi? Wani zai ce Glock, tunda ita ce a ƙugun 'yan sandan ƙasashe da yawa. Wani ya ce Beretta, saboda sojojin Amurka sun haura shekara 30 suna rataye da ita. Dattijon cikinsu kuwa ya tsaya kai da fata cewa babu kamar libarba, don ita ba ta san cijewa ba. Kowa da hujjarsa, kuma da wuya a tashi da matsaya, domin an tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita: ta fi a wane aiki? Wannan babi ya taƙaita ne a kan mutum ɗaya, wato wanda ke zuwa filin harbi mai rajista a ƙasar da doka ta yarda, ya biya kuɗinsa, ya tsaya gaban allon takarda don motsa jini da gwada saitinsa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, ga irin wannan mutum sunan kamfani shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame shi. Bindiga mai nauyi wadda ke cin ƙaramin harsashi, kuma ta zauna masa a hannu, ita ce ta fi.

Libarba da fistol

Ƙananan bindigogi sun kasu gida biyu. Na farko libarba, wadda Samuel Colt ya yi wa rajistar ƙira a Amurka a 1836. Tana da ganga mai ramuka, yawanci 5 zuwa 7, kowane rami da harsashinsa. Idan aka ja kunama sai gangar ta juya ta kawo sabon harsashi saitin bututu. Ƙarfin yatsan mai harbi ne ke yin dukkan aikin. Na biyu fistol, wadda ke ɗauke da harsasai a cikin gidansu da ake cusawa ta ƙasan mariƙi. A nan harsashin da aka harba shi ke yin aikin: ƙarfin fashewar albarushi ya tura marfin sama baya, marfin ya fizgo kwanson da ya ƙone ya wurgar gefe, sifirin ya dawo da shi gaba, a hanyarsa ta dawowa ya kwaso sabon harsashi ya zura cikin bututu. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Colt M1911 da John Browning ya ƙera tana ɗaukar harsashi 7, Browning Hi-Power ta kamfanin FN na Beljiyam da ta fito a 1935 tana ɗaukar 13, Glock 17 kuwa 17. Daga wannan bambanci na yadda suke aiki ne duk gardamar inganci ta samo asali.

Maganar cijewa

Masu goyon bayan libarba suna da gaskiya a abu guda. Tunda yatsa ne ke juya gangar, idan harsashi ya ƙi tashi sai kawai a sake jan kunama, na gaba ya zo. Fistol kuwa ta dogara da abubuwa da dama su tafi daidai a lokaci ɗaya. Idan albarushin harsashi ya yi rauni, marfin ba zai koma baya sosai ba. Idan leɓen gidan harsashi ya lanƙwashe, sabon harsashi zai shiga a karkace. Ko riƙon mai harbi ma yana da tasiri: wanda ya saki wuyan hannunsa ya yi laƙwas, bindigar gaba ɗaya za ta bi hannun baya maimakon marfin kaɗai, sai ka ga kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar fita. Sababbin masu koyo suna yawan gamuwa da wannan, su ɗora wa bindiga laifi alhali nasu ne.

Amma cewa libarba ba ta cijewa sam, wannan zuƙi ta malle ne. A cikinta akwai ƙananan ƙarafa masu kama da kayan agogo, waɗanda dole su daidaita ramin ganga da bakin bututu ba kuskure. 'Yar ƙurar albarushi da ba ta ƙone ba, idan ta shiga ƙarƙashin farantin da ke fitar da kwanso, tana iya hana gangar rufuwa. Harsashi mai ƙarfi a cikin libarba mara nauyi yakan sa kan harsasan da ke jira su zazzago gaba har su tokare gangar. Kuma ga inda bambancin yake: cijewar fistol yawanci mai harbi ke warware ta da hannunsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta libarba kuwa sau da yawa sai an kai wa magyari. Ɗaya tana cijewa jifa-jifa ta saki da sauri, ɗayar ba kasafai ba amma idan ta yi, harbin ranar ya ƙare.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, maganar inganci tsohuwar magana ce da aka daɗe da gamawa. Kafin sojojin Amurka su amince da bindigar Browning a 1911, an harba harsashi 6,000 da guda ɗaya cikin kwana biyu, idan ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, kuma ba ta cije ko sau ɗaya ba, alhali abokiyar takararta ta kamfanin Savage ta cije sau 37. Wannan fa shekara sama da 100 ke nan. A farkon shekarun 1980 Gaston Glock, mutumin Ostiriya da a da yake ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, ya fito da fistol mai gangar jiki ta roba mai ƙarfi, sassanta kimanin 34 kacal. An yi ta yi mata dariya ana cewa kayan wasan yara ce, sai ga sojojin ƙasarsa sun karɓe ta, daga baya sojojin Birtaniya ma suka ajiye Hi-Power suka koma mata a 2013. A yau duk fistol ko libarbar da ta fito daga manyan kamfanoni irin su Glock, CZ, Beretta, Smith & Wesson, Walther ko Ruger, in dai ana goge ta, ana sa mata mai, ana ba ta harsashi mai kyau, za ta yi dubban harbi lafiya lau. Mai harbin nishaɗi da bai wuce harsashi 100 ko 200 a zuwa ɗaya ba, ba zai taɓa kai wa iyakar da bambancinsu ke bayyana ba.

Ai sojoji sun zaɓa

Akwai mai cewa, to me zai sa a wahalar da kai, a duba abin da manyan rundunoni suka saya mana, ai ba za su zaɓi banza ba. Haka ne, ba sa zaɓar banza. Sai dai ma'auninsu daban ne. A 1985, lokacin da Amurka ta maye gurbin M1911 da Beretta mai harsashi 15, bindigogi biyu ne suka tsallake gwajin ƙarshe, Beretta da SIG P226, kuma abin da ya raba gardama shi ne jimillar farashi. A 2017 aka sake sauyawa zuwa SIG P320 a kwangilar da darajarta za ta iya kai dala miliyan 580. Runduna tana lissafin kuɗin kayan gyara, da nauyin da soja zai ɗauka a kan sauran kayansa, da juriyar yashi da laka, da yadda bindiga ɗaya za ta yi wa dubban hannaye daban-daban. Ga soja, fistol makami ne na ko-ta-kwana wanda zai iya gama aikinsa bai harba shi a fagen fama ba. Mai nishaɗi ba ya tafiyar kilomita 20 da ita a ƙugu, ba ya rarrafe cikin taɓo, kuma hannu ɗaya tak yake saya wa. Zaɓin runduna shaida ce cewa bindigar tana da ƙwari. Ba ya nuna cewa za ta yi daɗin harbi.

Nauyi da shuri

A nan ne ainihin zancen yake. Duk lokacin da harsashi ya fita gaba, bindiga tana shuri baya da ƙarfi daidai da wanda ya tura shi. Girman shurin ya dogara da nauyin harsashi da gudunsa, yadda hannu zai ji shi kuma ya dogara da nauyin bindigar. Kan harsashin .45 na M1911 yana da nauyin kusan gram 15. Na milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20 kuma ya zama na rundunar NATO, kusan gram 8 ne amma ya fi gudu. Na .22 kuwa bai kai gram 3 ba, shurinsa kuma bai kai sulusin na milimita 9 ba. Duk wadda ta taɓa daka ta san cewa turmi mai nauyi yana zama daram a ƙasa komai ƙarfin taɓarya, ƙaramin turmi mara nauyi kuwa sai ya riƙa tsalle yana zubar da hatsi. Haka bindiga take. Shi ya sa 'yan ƙananan bindigogin aljihu, waɗanda wasunsu ba su kai gram 400 ba, su ne mafi azabar harbi, duk da cewa su ne sabon shiga ke fara miƙa wa hannu don yana ganin ƙanƙantarsu alamar sauƙi ce. Glock 17 tana da kusan gram 700. CZ Shadow 2, jikanyar CZ 75 da 'yan'uwa biyu, Josef da František Koucký, suka ƙera a Cekosulobakiya a 1975, ƙarfe ce zalla mai kusan kilo 1.3, kuma ita ce ta cika hannun 'yan gasar harbin gaggawa ta ƙungiyar IPSC. Nauyin da zai gallabi ɗan sanda mai sintirin awa 12 shi ne alherin ɗan gasa.

Illar shuri ba ta tsaya ga ciwon tafin hannu ba. Jiki yana koyon tsoro. Bayan 'yan harbe-harbe masu zafi, hannu yakan fara danna bakin bindiga ƙasa tun kafin harsashi ya tashi, don ya tare shurin da yake jira, kuma mai harbin bai ma san yana yi ba. Malaman harbi suna da hanyar nuna wa ɗalibi wannan. Sukan cusa harsashin bogi mara albarushi a tsakiyar na gaske ba tare da ya sani ba. Ɗalibi ya harba na farko, ya harba na biyu, a na uku sai a ji ƙas, babu ƙara, babu hayaƙi, amma kowa ya ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa kamar an fizge shi, idanun ɗalibin kuma a runtse. Wannan zaburar ita ce ke kai harsasai ƙasan allo, kuma idan ta kama mutum tana da wuyar saki.

Kada a ɗauka wannan matsalar ragwaye ce. Hukumar FBI ta Amurka ta biya kuɗi mai yawa kafin ta koyi darasin. Bayan musayar wuta da aka yi a Miami a 1986, inda aka kashe jami'anta biyu aka raunata biyar, hukumar ta yanke cewa harsashinta ya yi rauni, ta koma na milimita 10 mai ƙarfi. Jami'ai da yawa suka kasa sarrafa shi, aka rage masa albarushi, daga nan aka haifi harsashin .40 a 1990. Bayan shekaru sama da 20 sai hukumar ta dawo kan milimita 9, ta ba Glock kwangila a 2016, kuma cikin dalilanta har da cewa jami'anta sun fi samun saiti da sauri da harsashi mai sauƙin shuri. Idan mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan bindiga sun sauko daga babban harsashi saboda saiti, mai huda takarda ba shi da hujjar hawa.

Mariƙi da kunama

Sauran jin daɗin yana cikin abubuwa biyu da babu mujallar da za ta auna wa mutum. Na farko kaurin mariƙi. Fistol mai jera harsasai layi biyu a gidansu dole mariƙinta ya yi kauri, kuma Beretta 92 ta yi suna wajen gagarar masu gajerun yatsu. M1911 mai layi ɗaya siririya ce. Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa yawancin fistol na zamani ke zuwa da bayan mariƙi da ake cirewa a sauya, kamar yadda Glock ta fara yi a 2010. Ma'aunin mai sauƙi ne: a riƙe bindiga yadda bututunta zai miƙe da ƙashin hannu, sannan a duba ko tsokar gaɓar farko ta manuniya ta kwanta a kan kunama ba tare da an murɗa riƙon ba. In sai an murɗa, ba taka ba ce, ko sunan wa ke jikinta.

Na biyu nauyin kunama. Jan kunamar libarba tun daga farko, wanda ke juya ganga ya kuma ɗaga gudumar da ke bugun harsashi, yana buƙatar ƙarfin kilo 4 zuwa 5 ko fiye. Na Glock kusan kilo 2.5 ne. A gasar bindigar iska ta Olamfik, doka ta ce kada ya gaza gram 500. Dalilin bambancin a bayyane yake: idan yatsa yana jan kilo 5 a kan bindigar da ba ta kai kilo ɗaya ba, riƙe ta cak ba ƙaramin aiki ba ne. An yi wa bindigar aiki kunama mai tauri da gangan don kada ta tashi a hannun wanda ya firgita. A filin harbi, inda bakin bindiga ke kallon allo kuma babu mai firgita kowa, taurin nan cikas ne. A nan libarba tana da wata falala da ya kamata a ba ta: ana iya ɗaga gudumarta da babban yatsa kafin kowane harbi, kunamar ta zama mai laushi ƙwarai, kuma irin ta .357 Magnum kamar Smith & Wesson 686 tana karɓar harsashin .38 mai sauƙi, wanda a cikin wannan ƙarfe mai nauyi shurinsa kaɗan ne. Abin kiyayewa kawai shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin ganga da bututu, wadda ke feso iska mai zafi gefe. Yatsan da ya kwanta a wurin zai ji jiki.

Harsashin da ake rainawa

Duk waɗannan hujjoji suna nuni zuwa wuri ɗaya, wato harsashin .22 da aka fito da shi tun 1887, da bindigogin da aka ƙera dominsa, irin su jerin Ruger da ya fara a 1949 ya kai ga Mark IV a 2016. Suna da nauyi, bututunsu ba ya motsi lokacin harbi, kunamarsu mai laushi ce, kuma a Amurka kuɗin harsashinsu ba ya kai rabin na milimita 9. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin saiti ba ya samuwa sai da maimaici, kuma wanda kowane harbi ke ƙona masa aljihu zai rage zuwa fili. Masu suka suna cewa .22 ya fi kowane harsashi ƙin tashi da ƙazanta bindiga. Gaskiya ne, domin sinadarin da ke kunna shi a zagayen bakin kwanso aka shafa shi, wani lokaci kuma shafin ba ya game ko'ina. To amma a gaban allon takarda, harsashi ɗaya da ya ƙi tashi asarar 'yan daƙiƙoƙi ce kawai. Wasu kuma suna cewa ba bindigar maza ba ce. Amsarsu tana Olamfik, inda gasar fistol ta mita 25 da .22 ake yin ta, ta mita 10 kuma da bindigar iska mai harba 'yar dalma ta milimita 4.5. Da'irar tsakiya a allon mita 10 faɗinta milimita 11.5 ne, kuma a tsaye ake harbi da hannu ɗaya. Duniya ta ga Yusuf Dikeç na Turkiyya a gasar Olamfik ta 2024 a Faransa, yana da shekara 51, da tabarau irin na kowa, hannunsa na hagu a aljihu, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan. Abin da ke hannunsa ko albarushi ba ya ci. Sai dai raini ya tsaya a kan shuri: .22 yana kisa kamar kowane harsashi, kuma ƙararsa ma tana buƙatar toshe kunne, balle ta milimita 9 da ke haura desibel 150.

Ina ruwanmu da wannan?

Mai karatu a Zamfara ko Katsina ko Maraɗi, wanda ya san abin da bindiga ta yi wa ƙauyukansa, yana da haƙƙin ya tambaya ko ya dace a kira ta abin nishaɗi. Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu kaɗai muka yi ta ba. Bayan wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996 da ƙananan bindigogin da yake da lasisinsu, Birtaniya ta haramta mallakarsu a mafi yawan ƙasar a 1997, har da .22, ta yarda 'yan wasanta su riƙa fita waje atisaye. A Amurka, inda mallaka ta fi sauƙi, fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa kowace shekara su ne suka harbe kansu. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, bindigar iska kuma tana buƙatar izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Babu abin da ke cikin wannan babi da ke kiran kowa ya nemi bindiga ta bayan fage, kuma wanda ya yi haka ya sayo wa iyalinsa masifa. Abin da hujjojin suka nuna ma ya saɓa wa masu kwaɗayin makami: duk lokacin da aka bi ma'aunin wasa tsakani da Allah, ana ƙara nisa ne daga bindigar yaƙi, har a tsaya a kan bindigar iska mai huda takarda daga tazarar mita 10. Saurayin da ke da idon saiti da natsuwar hannu, wannan ce ƙofar da ta dace da shi, a ƙarƙashin ƙungiyar wasa mai rajista da malami.

Ko bindigar iska ce, tana iya tsiyayar da ido, kuma kusan duk haɗarin da ke faruwa a filin harbi yana farawa ne da wanda ya rantse cewa babu harsashi a ciki. Saboda haka kafin mai karatu ya taɓa kowace irin bindiga, sai ya biyo mu babi na gaba, inda za mu bi ƙa'idoji huɗu na riƙe ta ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake tafiyar da filin harbi, da yadda ake kulle ta a gidan da akwai yara.